Gawon Takarda da Sunan 'Yar Fari

A shekarar da aka rufe iyakar da ke tsakaninmu da Najeriya, lokacin da manyan motoci suka jeru a bakin hanya har direbobinsu suka koma girki a ƙarƙashinsu, a shekarar ne yayarku Balkisa ta shirya wa jarrabawar da ta fitar da ita waje karatu. Na san kun sha jin labarin a bakin mutane. Wasu sun gaya muku ni na tura ta tun farko, wai ni malami ne mai hangen nesa. Wasu kuma sun ce fin ƙarfina aka yi, uwarku da ƙaninta suka haɗa kai suka ɗaure ni. Duka biyun ba haka aka yi ba. Shi ya sa na zauna in rubuta da hannuna, da ajamin da na iya, tun idona yana ganin tawada. Wanda ya ga dama a cikinku ya mayar da shi boko, amma kada ya ƙara mini kalma, kada kuma ya rage. In kun kai ƙarshe za ku gane dalilin wannan sharaɗi.

Ku da kuka zo daga baya ba ku san irin zaman da na yi da ita ba, domin ku na ɗora ku a cinya, na kira sunayenku a tsakar gida kowa yana ji. Ita 'yar fari ce. A gidan da na tashi a nan Matameye, uba ba ya kiran sunan ɗan farinsa, ba ya wasa da shi, ba ya kafa masa ido su yi hira. Haka mahaifina, Allah ya jiƙansa, ya yi wa babban yayanmu har ƙasa ta rufe wa tsohon ido, kuma ba wanda ya taɓa cewa ba ya son sa. Ni ma haka na ɗauka. Sunan Balkisa sau ɗaya ya taɓa fita daga bakina, ranar da aka miƙo mini ita a cikin zane na yi mata huɗuba a kunne. Daga ranar ta zama "waccan", ko "yarinyar nan". In ina son ta kawo mini ruwa sai in dubi bango in ce, yau randar gidan nan ta fashe ne? Kafin in rufe baki ruwa ya iso. Da haka ta girma tana karanta ni kamar allo. Ta san ma'anar gyaran muryata, ta san in na ajiye takalmi a hankali lafiya lau ne, in na yar da shi akwai magana. Mata suna yaba ta a kan haka, suna cewa yarinya mai hankali, ba sai an faɗa mata ba. Ban taɓa zaton wannan hankalin zai zame mata cikas a wani wuri ba.

Ba zan tsaya lissafa muku makarantun da ta yi ba. Ta gama lisansi, wato digirin farko, a fannin gona da itatuwa, ta kama aiki da wani shiri da ke zagaya ƙauyukan Tsauni da Icirnawa, suna aiki da manoma a kan barin tsiron itace ya tashi a gona. A can ta ji labarin bursu, wato a ɗauki nauyin mutum ya je ya yi mastar, digiri na biyu ke nan, a ƙasar da ake magana da Ingilishi. Sharaɗin shi ne a zauna wata jarrabawa a gaban ordinatar, wato kwamfuta, da Ingilishi tun daga farko har ƙarshe, ita kuwa da Faransanci ta yi karatunta duka. Ba ta gaya mini ba, domin ba ta da hanyar gaya mini. Uwarku ta gaya wa, uwarku kuma ta ajiye mini maganar tare da kwanon tuwo. Na ci tuwona, na wanke hannu, na ce:

"Allah ya zaɓa abin da ya fi alheri."

Abin da na faɗa ke nan, ban ƙara ba. A lokacin ni kaina ban san inda na tsaya ba. Rabin zuciyata yana cewa 'ya mace, ba aure, a bayan teku, inda ba ta da uwa ba ta da dangi, me zan ce wa Ubangiji in wani abu ya same ta? Ɗaya rabin kuma yana tuna mini cewa ni ma da ƙuruciya na bar garin nan na bi malamai har Damagaram da gabas da ita, ba wanda ya riƙe mini ƙafa. Sai na ce a raina bari jarrabawar ta fara magana. In ta faɗi, an hutar da ni. In ta ci, sai in ga abin da zan yi.

Kawunku Isufu, ƙanin uwarku, wanda ake ce wa Mushe yadda ake kiran malaman boko a nan, shi ya ɗauki nauyin shirya ta. Ya daɗe yana koyar da Ingilishi kafin ya ajiye aiki ya koma Kance, kuma tun ranar da na auri yayarsa bai daina tsokanata ba, ni ma ban taɓa raga masa ba. Kullum bayan la'asar sai mu ji ƙarar babur ɗinsa, da wani littafi mai kauri kamar tubali a ɗaure a baya. Na ba su zaurena domin ya fi ko'ina sanyi da haske, na janye buzuna zuwa lungu, na buɗe littafina kamar mai karatu. Karatu kam ban yi ba, kunnena yana wajensu.

Lissafi bai ba ta wahala ba, kalmomi ma ta haddace su kamar mai tilawa. Inda ta maƙale shi ne wani sashe da ake ba mutum ɗan guntun rubutu ya karanta, sannan a tambaye shi: me za a iya fahimta daga maganar nan, wanda mai rubutun bai fito fili ya faɗa ba? Sai a jera amsoshi biyar a ce ya zaɓi ɗaya. Abin mamaki, in rubutun a kan taurari ne, ko a kan wasu masu zane da suka mutu tun tuni a ƙasar Turai, sai ta ci. In kuwa a kan ruwan sama ne, ko dabbobi, ko gona, abubuwan da ta tashi a cikinsu, nan take faɗuwa. Mushe ya rasa gane kan abin, ita kuma ta fara ramewa. Na taɓa jin ta ta bayan danga tana ce wa uwarku gara ta haƙura, tunda duk abin da ta tabbata ta sani shi ne littafin yake cewa kuskure.

Wata rana rubutun ya zo a kan gawo. Da na ji Mushe ya ambaci sunan itacen da Hausa yana yi mata bayani, sai na rufe littafina.

"Mushe, me Nasaran ya ce a kan gawo?"

"Au, ashe ba karatu kake ba, Malam? Na ɗauka ka yi nisa."

"Kai dai faɗa mini. Ko kai ma ba ka gane ba ne?"

Ya yi dariya ya fassara mini. Mai rubutun ya ce an lura gonakin da ke da gawo sun fi ba da hatsi a kan waɗanda ba su da shi. Ya ce amma da rani, lokacin da gawo ke da ganye da 'ya'ya, dabbobi a ƙarƙashinsa suke wuni, suna cin 'ya'yan suna zubar da taki. Ya ƙara da cewa sau da yawa manomin da ya bar gawo a gonarsa shi ne kuma mai shanu. Nan ya tsaya. Balkisa ta zaɓi amsar da ta ce gawo yana gyara ƙasa, wanda ya ƙara shi a gonarsa zai ƙara samun hatsi. Littafin kuwa, a shafukan baya inda ake ajiye amsoshi, ya ce ta faɗi. Amsar da yake so ita ce, mai rubutun yana ganin mai yiwuwa yawan hatsin ba daga itacen kaɗai yake ba.

Raina ya ɓaci kamar an taɓa wani dattijo a danginmu. Gonarmu ta gado, gawo ne ya riƙe ta tun zamanin kakana.

"Mushe, littafinka ƙarya yake yi. Tambayi waccan, a gindin wane itace muke cika rumbu?"

Balkisa tana zaune a bayan kawunta, kanta a sunkuye. Ta amsa masa a hankali, shi ta amsa wa, ba ni ba:

"Kawu, a gindin gawo ne."

"To ka ji. Itacen da ke zubar da ganyensa da damina ya bar wa hatsi rana, ganyen ya ruɓe ya zama taki, wane ne bai san wannan ba daga nan har Magarya? Yarinya ta faɗi gaskiya a ce ta faɗi? Wace irin jarrabawa ce da ake koya wa 'ya'yan mutane su bar abin da suka sani?"

"Malam, ba wanda ya tambaye ta gawo," in ji Mushe. "Mutumin aka tambaye ta."

"Mutumin ya taɓa riƙe hauya?"

"Wataƙila ko zangarniya bai taɓa gani ba sai a hoto. Amma maganarsa aka ajiye mata, aka ce me ke ƙarƙashinta. Ba a ce me ke ƙarƙashin gonar Malam ba."

"Kai dama tun da ka sa wandon Nasara ka manta hanyar gona."

"Ni ne na manta, ko kai ne ka shigo ajin da ba a gayyace ka ba?"

Uwarku ta leƙo daga ƙofar cikin gida ta ce in mun gama faɗa a kan gawon takarda, ladan ya daɗe da kiran magariba. Muka tashi, kowa yana kan bakansa.

Mun kwashe kwanaki a kan wannan gardama. Kullum ya zo sai in tare shi da sabuwar hujja. Wata rana ma na ɗebo ƙasa a ƙwarya biyu, ɗaya daga gindin gawo, ɗaya daga fili, na ajiye masa a kan littafin na ce ya shinshina ya gaya mini in iri ɗaya ne. Ya shinshina ya ce lallai ta gawo ta fi, amma har yanzu bai ga ƙwarya a cikin rubutun ba. Abin da ya sauko da ni ba bakinsa ba ne. Wata safiya ina zagaya gona, sai Allah ya tuna mini wani zama a gaban malamina a Damagaram, Allah ya haskaka kabarinsa. Ina biya masa wani babi na tsarki, ina fassarawa kalma bayan kalma yadda ake yi, sai na ƙara wani sharaɗi da na sani daga wani littafi dabam. Sharaɗin daidai ne, ba malamin da zai musa shi. Amma ya ɗaga hannu ya tsayar da ni, ya ce:

"Gaskiya ka faɗa, amma ba shi ya faɗa ba. Fara ba mai littafi haƙƙinsa. Gaya mini abin da ya ce da inda maganarsa ta nufa. In ka gama, sai ka ce ga nawa."

Na tsaya a tsakiyar gona ina dariya ni kaɗai. Abin da na daɗe ina koya wa masu ɗaukar karatu a zaurena, shi ne na ƙi ganewa don ya zo mini da Ingilishi a bayan babur.

Da la'asar ban ce wa Mushe ya yi gaskiya ba, don kada kansa ya kumbura ya kasa fita ta ƙofar zaure. Cewa na yi:

"Mushe, gaya wa waccan, in ta shiga ɗakin jarrabawa ta ajiye gonar ubanta a bakin ƙofa tare da takalminta. Saƙon wani aka ba ta, kada ta zuba nata a ciki."

"Alhamdu lillahi, ɗalibina ya fara ganewa," in ji shi. "Amma ka san kai ka jawo mata? Ka saba mata da jin rabin magana ta cika sauran da kanta. A gidanka wannan ladabi ne. A jarrabawar nan kuwa shi ke kayar da ita."

Maganar ta shige ni, amma ban bari ya gani ba. Na ce:

"Duk da haka gawo yana gyara ƙasa, ko littafinka ya so ko ya ƙi."

Sai na ji muryar Balkisa, ta ɗan fi ta kullum ƙarfi:

"Kawu, ka gaya wa Baba mutumin bai ce gawo ba ya gyara ƙasa ba. Cewa ya yi ba a raba aikin itacen da aikin shanun ba tukuna. Abin da nake so in je in koyo ke nan, yadda ake rabawa. In na iya, ba wanda zai sake ce wa manomi wataƙila."

Na buɗe littafina na kafa masa ido, amma ban ga baƙi ko ɗaya ba. Ranar na fara jin abin da take nema daga bakinta, bayan duk shekarun da muka yi a gida ɗaya.

Daga nan abin ya fara sauƙi, ko da yake sai da ta faɗa wani ramin. Tsoron ƙari ya sa ta koma ba ta yarda ta fahimci komai sai abin da aka rubuta ƙuru-ƙuru, har Mushe ya ce mata ai tambayar tana son ta taka, amma taki ɗaya, ɗaya ƙafar tana kan rubutun. Ni na ba su misali daga lunguna. Na ce in mutum ya ce maka ya dawo daga kasuwa rigarsa sharkaf, kana da ikon cewa ya haɗu da ruwa a hanya, amma ba ka da ikon cewa an yi ruwan sama. Uwarku daga tsakar gida ta ce ai wataƙila mai wanke-wanke ce ta watsa masa don ya cika gardama. Abin ya zama wasa a gidan. Ku ƙanana ma kun ɗauka, in aka tambayi wanda ya shanye nonon da aka rufe, aka dubi mai farin baki, sai ya ce wannan ba ya cikin rubutun.

Da iyaka a buɗe take, Kano za ta je ta zauna jarrabawar, tafiyar da ba ta cin wuni. Da yake a rufe take, sai Yamai. Mushe ya raka ta a babbar motar fasinja. Ni kuma na rubuta mata ayoyi a allo na wanke, na ba uwarku ta miƙa mata. Bayan wani lokaci sakamako ya fito, ta ci, kuma da kyau ta ci. Kafin damina ta sauka makarantar ta aiko mata ta wayar salula cewa an ɗauke ta da bursu, ana jiran ta ce ta karɓa.

Nan gidan ya rabu biyu, kuma duka a kaina. Uwarku ta fara tanadin kuka da daddawa da busasshiyar kuɓewa na guzuri. Ina ji daga ɗakina tana ce wa Balkisa:

"Ubanki ya yarda tun tuni. Mutumin da ya ba da zaurensa, ya bar karatun la'asar, ya wanke miki allo, me kuma kike jira? Ni da na tsufa a gidan nan ban san yardarsa ba?"

Ƙanena Alhaji Mamman kuwa, baffanku, wanda rufe iyaka ya tsayar masa da mota ya bar shi da lokacin zama, yana bin 'yan'uwa gida-gida, suna dawo mini da maganarsa:

"Malam bai yarda ba. Kun taɓa jin ya ce ta tafi? Kunya ce ta rufe masa baki, matarsa da ƙaninta suna jan sa. Ni na san yayana."

Kowannensu yana da hujja, kowannensu kuma ya zuba abin da ke ransa a cikin shiruna. Ni kuwa na yi istihara, zuciyata ta karkata tun ranar da na ji maganar raba aikin itace da na shanu, amma bakina ya saba da rufewa a kan abin da ya shafe ta. Shirun kuma yana da daɗinsa, domin wanda bai ce komai ba ba a kama shi da komai.

Bari in gaya muku abin da ya biyo baya tun yanzu, don ranar da na buɗe bakina nake so in rufe da ita. Alhaji Mamman ya ɗauke kwanonsa daga zaurena. Mu da muka saba cin tuwo tare tun muna samari, sai da Balkisa ta je ta dawo kafin hannunsa ya sake shiga kwano ɗaya da nawa. Wasu daga cikin masu ɗaukar karatu a wurina sun koma wani zaure, wai malamin da ya saki 'yarsa ƙasar Nasara ba a ɗaukar fiƙihu a wurinsa. Sallah ta zo ta wuce, ta sake zuwa, uwarku tana raba nama tana ware kason da ba mai ci. Idona ya ƙara rauni a tsakanin nan, kuma ba wanda ya iya karanta gyaran muryata kamarta, sai na koyi roƙon ruwa da baki kamar kowa. Ban yi nadama ba, amma kada wani ya gaya muku a banza aka samu. Yau da take zagaya gonakin ƙasar nan da kayan awonta, manoma suna tsayar da ita a hanya suna tambayarta, har Alhaji Mamman yake cewa ai 'yarmu ce.

To ga yadda ranar ta kasance. An yi ruwan shuka, ina gona da hantsi, gawo ya zubar da ganyensa ya tsaya kamar busasshe. Na hango mace tafe da ƙwaryar fura a ka. Ba ita ke kawo mini fura ba, ku ƙannenta ake aikowa. Ta ajiye ƙwaryar a gindin itacen, ta ja baya ta durƙusa. Na juya kamar ina duba ramukan shuka, ina jiran in ji tafiyarta. Ba ta tashi ba.

"Baba, ina da magana."

Ba kawu a wurin, ba uwa, ba bangon da zan yi wa magana. Na dubi gawon na ce:

"Ana ji."

"Inna ta ce ka yarda. Baffa ya ce ba ka yarda ba. Na zauna na duba abin da aka ba ni, yadda kuka koya mini kai da Kawu. Ka ba da zaure. Ka wanke mini allo. Ka ce Allah ya zaɓa abin da ya fi alheri. Daga nan zan iya cewa kana nufina da alheri, wannan taki ɗaya ne, ƙafata tana kan rubutun. Amma cewa ka yarda in tafi, Baba, ba ya ciki. Cewa ka hana ma ba ya ciki."

Ta gyara durƙuso, sannan ta ci gaba.

"Tun ina ƙarama nake cika maka magana da kaina, kuma ban taɓa jin nauyin haka ba. Wannan karon ba zan iya ba. In na ƙetare teku a kan abin da na zata, duk ranar da abu ya yi mini tsanani zan ce wataƙila Baba bai so ba. Gobe zan ba su amsa. In ka ce in zauna, wallahi zan zauna, ba za ka ga canji a fuskata ba. Amma ka faɗa."

Na tsaya da sungumi a hannu. Sai na tuna babban yayanmu ranar da muka dawo daga binne mahaifinmu, mutum da furfurarsa, yana bin abokan tsohon ɗaya bayan ɗaya yana tambayarsu ko baba ya taɓa ambatonsa da alheri a gabansu. Kowa ya ce masa ƙwarai kuwa, amma ban ga maganar ta zauna masa ba, domin daga bakin wasu ta fito. Nan na gane yarinyar nan tana bina bashi tun ranar huɗuba, bashin magana guda da za a faɗa mata ita kanta.

Na jingine sungumin a jikin gawo. Na juyo na dube ta, na bar idona ya zauna a fuskarta, sai na ga ashe goshin mahaifiyata ne da ita. Sunan ya yi mini nauyi a harshe kamar ba ni na raɗa shi ba.

"Balkisa."

Ta ɗago kai a firgice, ta waiga kamar wani ne ya kira ta daga bayan itacen.

"Balkisa, na yarda. Ni ubanki na ce ki tafi. Ki je ki koyo, ki dawo ki gaya mini tsakanin itacen nan da shanu wa ya fi yi mini aiki. Allah ya yi miki albarka, ya tsare ki, ya dawo mini da ke."

Ta kifa fuskarta a tafin hannu tana kuka, ni kuma na zauna na jawo ƙwaryar don in sami abin yi da hannuna. Da ta natsu ta goge ido da bakin mayafi, sai ta ce tana murmushi:

"Wannan kam yana cikin rubutun, Baba."

Na ce mata ta matso. Ludayi ɗaya ne a ƙwaryar. Na sha na miƙa mata, ta sha ta miƙo mini, har muka shanye furar a gindin gawon.